Ranar da Inji Ya Ƙi Lalacewa

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Duk wanda ya wuce ta gaban filin wasanmu ya hango ni a gindin darbejiya sai ya ce Malam Hamisu ya huta, aikinsa danna makunni ne kawai, yara su hau lilo su yi ta ihu. Har wani ɗan ƙanena ya taɓa ce mini, "Kawu, ai kai wasa ake biyan ka ka yi." Na ce masa madalla, ya zo ran Sallah ya karɓe ni. Sallah ta zo ta wuce ban ga ƙeyarsa ba. To, tun da kun zauna, bari in gaya muku abin da ke cikin wannan sana'a, in kun ji sai ku ce ko wasa ne.

Filin namu yana bakin gari, in ka fita Daura kaɗan. Wani Alhaji ne ya gina shi da kuɗin da ya samu a fataucin hatsi. Ba wani babban wuri ba ne. Akwai lilon dawaki mai juyawa, wanda shi ne sarkin wurin, akwai ɗan jirgin ƙasa mai zagaya katanga, da lilon kujeru, da abin sulu da yara ke zamowa a kai, sai ɗakin inji a can baya. Ni kuwa na zo wurin ne ina ɗan gyaran injin niƙa, ban taɓa ganin dokin ƙarfe ba sai ranar da aka sauke su daga mota.

Aikin farko da aka sa ni shi ne wanke boris, ƙwallayen ƙarfen nan da inji ke juyawa a kansu, da kananzir. Wanda ya sa ni Malam Tanimu ne, wani Bakano mai walda da Alhaji ya ɗauko ya harhaɗa kayan, ya kuma zauna da mu shekaru kafin ya koma gida. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan harara. Ya zube mini boris a cikin tsohuwar tasa ya ce in wanke, na wanke na kawo, ya murza ɗaya a kusa da kunnensa ya mayar mini da tasar gaba ɗaya. Haka muka yi ta yi har azahar. Da na gaji na ce, "Malam, ai sun fita." Ya ce, "A idonka sun fita. Ɗan wani ne zai hau kansu, ba buhun masara ba." Daga ranar ban ƙara yi masa gardama a kan boris ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa: sifana manya da ƙanana, filaya, gwangwanin giris, da wani dogon sukudireba mai ƙotar katako wanda Malam Tanimu ya bar mini da zai tafi. Ba kwance noti ake yi da shi ba. Bakinsa kake ɗorawa a jikin ƙarfe, ka manna ƙotar a kunnenka, ka saurara. Boris mai lafiya yana da irin kukansa, wanda yashi ya shiga kuma yana da nasa. Kullum da safe kafin a buɗe ƙofa sai na bi dawakin nan ɗaya bayan ɗaya, in girgiza kowanne, in ja sarƙar kowace kujera da iyakar ƙarfina, in taka layin jirgi da ƙafa ina duban inda ya ɗaga. Lokacin zafi ƙarfen sulu yakan yi zafin da zai sale cinyar yaro, sai ka shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a kai. Da damina kuma tsatsa ce abokiyar faɗa. In bel ya tsinke ko boris ya fashe sai in hau keke in nufi shagon Cukudi, wani Inyamuri mai kayan gyara da ya daɗe a garin nan har Hausarsa ta fi ta wasunmu karin magana. Shi kaɗai ke ajiye irin bel ɗinmu, kuma ya san haka, don haka ba ya ragi.

Wannan duk aikin ƙarfe ne, kuma ƙarfe ba ya ba da wuya kamar mutane. Akwai uwar da za ta rantse maka ɗanta ya kai hawa lilon kujeru alhali ko yaye ba a gama ba. Akwai yaron da ya cika cikinsa da fura kafin ya hau, kai ne za ka bi da bokiti da tsintsiya. Akwai magidanci da gemu da furfura da zai ce zai hau doki ya riƙe ɗansa don kada ya faɗo, kana kallon fuskarsa ka san ba don yaron ba ne. Wannan nakan ƙyale shi in dokin zai ɗauka, don wanda bai samu yana yaro ba ai bai yi laifi ba.

Sai Alhaji ya ƙirƙiro katin shekara. Ɗansa ne ya gano abin a wani gari ya kawo masa. Maimakon ka yanki tikiti duk zuwa, sai ka yankar wa yaronka kati mai hotonsa, ya riƙa shiga daga Ƙaramar Sallah har ta zagayo. Kuɗin yana da ɗan nauyi, don haka aka ce a riƙa biya kaɗan-kaɗan, wata-wata. Mutane suka yi caa a kai, har daga Baure da Dutsi da Sandamu, don in manomi ya shigo gari cin kasuwa sai ya ajiye yaransa a wurinmu ya tafi harkarsa. Amma abin yana da sharaɗi. In ka daina biya ba ka zo ka soke ba, kuɗin yana ci gaba da taruwa a kanka, kuma Alhaji yana da wani mutum mai babur da yake aikawa har ƙofar gida, ya tsaya a zaure yana ɗaga murya maƙwabta na ji. In kuwa za ka soke, abin da ka biya ya tafi, sauran an yafe, amma dole ka dawo da katin hannu da hannu.

A nan gizo ke saƙar. Katin nan ba a aljihun uba yake ba, a wuyan yaro yake. Uwaye kan tufka masa igiya su rataya musu, wasu yaran da shi suke kwana, wasu har makarantar allo suke zuwa da shi suna nuna wa 'yan'uwansu. Ta yaya uba zai cire shi daga wuyan ɗansa bai faɗi dalili ba? Kuma yaro yana ganin an taɓa katin zai ɗauko takalmansa, ya ɗauka wasa za a je. Shi ya sa kusan duk wanda ya zo sokewa da yaronsa yake zuwa, yaro na tsalle a gaba, uba na jan ƙafa a baya.

Na farkon da na gani, ɗan Alhaji ne a tagar karɓar kuɗi. Wani tela ne ya zo da 'ya'yansa maza biyu. Ya sunkuya ya yi magana ƙasa-ƙasa, shi kuwa ɗan Alhajin ya amsa da ƙarfi, ba don mugunta ba, haka muryarsa take: "Au, sokewa za ka yi? To wata biyu ake bin ka." Ya miƙa hannu ya karɓi katunan, ya sa almakashi ya datse su a gaban yaran. Babban ya dubi ubansa ya ce, "Baba, ba mu da kuɗi ne?" Telan nan ya kama hannuwansu ya fita, kuma har yau in muka haɗu a masallaci sai ya kau da kai, alhali ni ko tagar ban matsa ba a ranar.

Da yamma Malam Tanimu ya kira ni ɗakin inji. Ya nuna mini wani noti a gefen inda bel ɗin lilon dawaki ke zagayawa, ya sa sifana ya ɗan sassauta shi. Nan take bel ya zame, dawaki suka yi ta rage gudu har suka tsaya. Ya ce, "Yanzu inji ya lalace ko bai lalace ba?" Na ce ya lalace. Ya ce, "To in ka fita ka faɗa, ka yi ƙarya?" Na ce a'a. Ya ce, "In ka ga uba ya zo sokewa da ɗansa, ka zo nan tukuna. Sai ka fita ka ce inji ya lalace, a bar kati a wurinka, in an gyara za a aika. Yaro zai yi kuka, zai zage ka a ransa, amma kai zai zaga ba ubansa ba. In sun yi nisa ka ɗaure notinka." Na ce, "Malam, ba gara in yankar wa yaron tikiti daga aljihuna ya hau na ƙarshe ba?" Ya harare ni ya ce, "Ka yi wa mutum sadaka a gaban ɗansa? Kai dai ba ka da hankali. Kuma yaron da ya saba shiga da kati, in ya ga tikiti ai ka gaya masa komai."

Wannan shi ne babban abin da na koya a sana'ar nan, ya fi wanke boris wuya. Sai ka iya gane mai sokewa tun daga nesa, don in ya iso taga ya buɗe baki lokaci ya ƙure. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Mai sokewa yakan sa rigarsa mafi kyau. Yakan tsawaita gaisuwa, ya tambaye ka gida da iyali da gajiya da ruwa, har ya sake komawa farko. Ba ya kallon lilo. In da can a kan babur yake zuwa, yau a ƙasa za ka gan shi. Da na ga haka sai in ce, "Malam, ɗan dakata, ina jin wani ƙara a inji," in zagaya baya. Yaran da ke kan dawaki su sauko suna ƙunƙuni, in ce su je sulu kafin a gyara. Uban kuwa yana gane abin da na yi, ni ma na san ya gane, amma ba wanda zai ce wa wani komai. Ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ladan da na samu a wurin yaran garin nan shi ne suna. Baba Inji-Ya-Lalace suke kira na. Akwai samari yanzu da gemunsu da ke cewa tun suna yara ba su ga mutum mai baƙar ƙafa irina ba, wai ina taɓa inji yake mutuwa. Ina jin su ina wucewa. Wasunsu na san ranar da suka fara tsana ta, na kuma san rigar da ubansu ya sa a ranar.

Da can abin jefi-jefi ne, a wata ka yi ɗaya ko biyu. Sai shekarar da mai ya yi tashin gwauron zabi ta zo, aka kuma rufe iyaka, kasuwar dabbobi ta kwanta. Wannan shekara ba na son tuna ta. Man inji ya koma sai dai mu saya a galan, mu kunna da la'asar mu kashe kafin magariba. Alhaji ya sallami ma'aikata, ɗansa ya tafi neman wani abin, aka bar ni ni kaɗai, ni ne a taga, ni ne a inji, ni ne mai shara. Cukudi ya daina ba da bel bashi, ya ce shi ma a can inda yake sarowa ba a ba shi. Albashi kuwa sai ya haɗa wata da wata. Masu sokewa suka riƙa zuwa kamar an yi musu shela: malaman makaranta, masu shago, direbobi, mutanen da ban taɓa zaton za su zo ba. Wata ranar sai in sassauta notin nan sau uku. Har bakinsa ya cinye, sifana ta daina kama shi sosai. Na gaji a shekarar nan, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Magana ta bazu a gari cewa injinan filin Alhaji sun tsufa, kullum a lalace suke, kada wata rana su jefar da ɗan wani. Masu yankan tikiti, waɗanda su ne ke kawo kuɗin mai, suka fara ja da baya. Alhaji ya ɗauko makaniki daga Katsina ya duba, mutumin ya ce inji lafiyarsa ƙalau, sai dai akwai notin da hannu ya dame shi. Alhaji ya kira ni. Ba mugun mutum ba ne, shi ma bashi ya yi masa katutu. Na gaya masa gaskiya. Sai ya ce, "Hamisu, ka rufa wa mutane asiri ka tona nawa. In wurin nan ya mutu, ni da kai wa zai sassauta mana noti?" Maganarsa kuwa tana kan hanya. Washegari aka yi wa ɗakin inji ƙofar ƙarfe, aka sa kwaɗo, makulli ya koma aljihunsa. Kullum sai ya buɗe mini in yi giris yana tsaye, in kunna, ya kulle.

Ana haka Babbar Sallah ta zo. Kwanakin yawon Sallah su ne kakarmu, abin da muka samu a cikinsu shi ke riƙe mu watanni. Alhaji ya ciyo bashi ya cika tanki, ya kawo kujera ya kafa a gindin darbejiya kusa da taga, yana kallon kowa da ke shiga. Filin ya cika maƙil da yara cikin sababbin kaya, inji yana ruri, dawaki suna juyawa ba tsayawa.

Da la'asar na hango Malam Lawal. Dillalin raguna ne daga Sandamu, dogo, mai fara'a, irin mutanen da in sun zo sai sun saya wa yaran wasu alewa. 'Yarsa ɗaya ce ke da kati, yarinya 'yar kimanin shekara tara. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka ba ya kiran sunan, Uwata yake ce mata, mu ma muka bi shi da hakan. Yarinyar tana da dokinta a lilon, wani fari mai karyayyen kunne, in wani yana kai sai ta jira ya sauka. Da Ƙaramar Sallah ya sabunta mata kati, ya ce mini in raguna suka fita da Babbar Sallah zai biya na shekarar gaba ɗaya ya huta. To raguna ba su fita ba. Kowa ya san yadda kasuwar ta kasance a shekarar, mutane suka yi ta haɗa kuɗi ana yanka saniya ɗaya, dillalai suka koma gida da dabbobin da suka ɗauko bashi. Kuma na san mai babur ɗin Alhaji zai fara zagaye da an gama Sallah, Sandamu na cikin hanyarsa.

Daga motar haya suka sauka, ba babur. Yana sanye da farar shadda mai aiki, hula a karye. Uwata tana gaba da lalle a hannu, katin yana lilo a ƙirjinta. Na dubi ƙofar ɗakin inji, na dubi aljihun Alhaji. Alhaji ma ya gane, don shi ma ya iya karatun riga, sai ya kau da kai ya shiga danna wayarsa. Bai miƙo makulli ba, kuma ban ga laifinsa ba, yara sun fi a ƙirga a kan layi da tikiti a hannu.

"Salamu alaikum, Malam Hamisu. Barka da Sallah."

"Wa alaikumus salam, Malam Lawal. Barkanmu da Sallah. An sha hanya."

"Ya iyali? Ya aiki? Ya muka ji da jama'a?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Madalla. Ya gida? Ya yara?"

Ya zagayo ya koma farko. Gumi yana bin gefen hularsa. Ya taɓa jin labarin abin da nake yi, don irin wannan magana iyaye maza kan raɗa wa juna, kuma na ga yana satar kallon bayan filin, yana jiran in ce ina jin ƙara a inji. Yarinyar tana riƙe da gefen rigarsa, idonta na kan farin dokinta. Kati mai bashi ba ya wuce ƙofa, ga Alhaji a zaune. Ko dai in faɗi gaskiya a gabanta, ko ubanta ya faɗa da bakinsa, ko in san abin yi.

A shekarun nan duka ban taɓa cewa inji ya lalace ba sai da na lalata shi da hannuna. Ran nan na buɗe baki, inji yana ruri a bayana har taga na rawa, na ce, "Kash, Malam Lawal, kun yi rashin sa'a. Inji ya lalace."

Ni kaina da na ji maganar sai kunya ta kama ni. Dawaki suna wucewa a gabanmu ɗaya bayan ɗaya, yara suna ihu a kai. Na ƙara da cewa, "Wannan juyin da kuke gani na ƙarshe ne, boris ya fashe, yanzu za a tsayar. A bar katin a wurina, in an gyara zan aika." Malam Lawal ya kasa kallon 'yarsa. Na ga mutumin nan, wanda ke tsayawa tsakiyar kara, kasuwar dabbobi, ya daidaita masu saye da masu sayarwa da murya ɗaya, yana dafe da katakon taga.

Uwata ta dubi lilon. Ta daɗe tana kallo, farin dokin ya wuce ta, ya zagayo ya sake wucewa da wani yaro a kai. Sannan ta dube ni, irin kallon da ban so yaro ya yi mini ba. Sai ta ja rigar ubanta ta ce, "Baba, mu tafi. Da gaske ne ya lalace. Ka ji ƙarar da yake yi? Da ba haka yake yi ba. Ni tsoro ma nake ji."

Malam Lawal ya sauke numfashi. Ya ce, "Kin ji ko, Uwata? Ai gara da Malam Hamisu ya faɗa mana. Lafiyarki ta fi wasa." Ya juyo gare ni, muryarsa ta dawo daidai, har da ɗan faɗa irin na mai kati: "Amma Malam Hamisu a riƙa kula da injinan nan, 'ya'yan mutane ne ke hawa." Na ce in Allah ya yarda za a kula. Ya matso kamar zai yi mini sallama, ya kama hannuna ya matse, ya ce a hankali, "Na soke. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira." Sannan ya ce da ita, "Ba Baba Hamisu katin ya ajiye miki, bari in tsayar mana da mota." Ya nufi bakin titi da sauri, ina jin ba ya son ya ga lokacin da za ta cire.

Ta sunkuyar da kai ta zare igiyar. Ta tsaya tana kwance ƙullin da haƙori, don igiyar uwarta ce ta tufka, ta cusa ta a cikin 'yar jakarta. Ta ɗora katin a kan taga, ta yi ɗage don bakinta ya kai, ta ce, "Baba Hamisu, an sayar da babur ɗinmu shekaranjiya. Ragunan ma suna nan a gida, ba wanda ya saya." Ta waiga ta ga ubanta ya ba mu baya, ta ce, "Kada ka gaya masa na sani." Ta ruga ta kama hannunsa.

Alhaji yana jin komai daga kujerarsa. Bai ɗago kai daga wayar ba, amma na lura ta daɗe da mutuwa a hannunsa. Ni kuwa na jefa katin a gwangwani, na ce na gaba ya matso, don layi bai san abin da ya faru ba. Na yi ta yankan tikiti har magariba. Raina ya ɓaci a ranar fiye da duk ranakun da aka zage ni, kuma ban san wa zan yi fushi da shi ba.

Filin yana nan bai mutu ba, yana dai jan ƙafa kamar mai shi da mai gadinsa. An daina katin shekara, kowa ya yanki tikitinsa. Kwaɗon yana nan a ƙofar ɗakin inji, amma makullin ya dawo hannuna, ba tare da an ce komai ba. Gwiwoyina sun fara ƙin tsugunno, kunnen da nake sauraron boris da shi ya fara nauyi. In a cikinku akwai mai so ya karɓe ni, ya zo, zan koya masa giris da bel a wata guda. Sauran kuwa ban san yadda ake koyar da shi ba.

Bayan kaka na haɗu da Malam Lawal a kasuwa, yana jan akuya guda. Ya rame, amma fara'arsa tana nan. Muka gaisa, gaisuwa gajera irin ta mutanen da ba sa bin juna komai. Har zan wuce ya riƙo hannuna yana dariya.

"Malam Hamisu, ka san mutuniyarka har yanzu ba ta haƙura ba? Duk Juma'a sai ta ce, 'Baba, an gyara injin?' In ce mata tukuna. Sai ta ce, 'To Allah ya sa a gyara.' Wallahi ka iya aikinka. Ko kusa ba ta gane ba."

Ya girgiza kai, yana jin daɗi har cikin ransa, ya ce, "Yaro dai yaro ne."

Na ce, "Yaro ne, Malam Lawal." Na ce ya gaishe ta.